Hotunan Idon Baba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da kuma Baba, wanda Allah ya ɗora miki nauyin kula da shi tun rasuwar Inna, ina sanar da ke cewa na iso wurin aiki lafiya. Na karɓi makullan sito, kuma ba zan sake samun hutu ba sai baɗi war haka.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne wani abu da na gani, na kasa faɗa a gaban jama'a, domin na san dariyar da za a yi mini. Ranar da zan taho na shiga shago in yi wa Baba sallama, na same shi a kan keken ɗinki yana zura zare a allura. Da ya ɗago fuskarsa ga hasken ƙofa, sai na ga wani ɗan ƙullutu a fatar idonsa na dama, ta ƙasa, daidai inda gashin ido yake tsirowa. Bai fi kan ashana ba. Na tambaye shi, ya ce hazbiya ce, ta daɗe a wurin, kuma ba ta yi masa zafi.

Yaya, wannan amsar ce ta hana ni sukuni. Ina da ƙasidar da na ɗauko a asibitin ido, kuma na sake karanta ta da natsuwa. Ta ce hazbiya tana da zafi, tana yin ja, sannan ba ta daɗewa take fashewa ko ta baje. Amma ƙullutun da ya fito wa tsoho, ba ya ciwo, ba ya tafiya, gefensa yana sheƙi, tsakiyarsa tana yin ɓawo, gashin ido kuma ya zube a wurin, wannan dole likitan ido ya gan shi, ya ɗan gutsuri kaɗan a kai ɗakin gwaji. Na duba da kyau: babu gashi a wurin. Kuma kin san idon dama shi ne kaɗai Baba yake da shi, tun da karyayyar allura ta kashe masa na hagu muna yara.

Na san sunan da kuke kira na da shi a bayan idona, wato Likitan Takarda. Ban kuma manta da ranar da na ja Baba asibiti saboda shuɗin tabo a wuyansa ba, ashe rinin yadi ne. Na yarda na yi kuskure a wancan karo. Duk da haka ina roƙonki abu biyu. Na farko, ki kai shi asibitin ido. Na biyu, duk wata ki sa mai hoton da ke maƙwabtaka da shago ya ɗauki idon daga kusa, Baba yana riƙe da tef ɗinsa na awo a ƙarƙashin ƙullutun, ki ba direban da ke kawo mana kaya ya taho mini da shi. Da haka zan gane ko yana girma. Ba na son bayani ta waya, domin a waya “lafiya lau” kawai kike cewa ki kashe.

Ki gaishe mini da Baba da ladabi. Allah ya saka miki da alheri.

Ni ne ƙaninki,
Ma'aji

*

Likitan gidanmu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, yara suna gaishe ka, sun ce alewar da ka kawo ta yi kaɗan.

Kai dai ba ka canzawa! Mutum ya zo hutu, maimakon ya ci ya sha ya yi barci, sai ya tsaya ƙirga gashin idon tsoho. To, mun je. Mun bi layi har ƙafata ta yi sanyi, Baba yana ta mita wai an raba shi da aikin mutane. An duba shi, an ce hazbiya ce irin mai taurin kai, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi safe da yamma. Shi ke nan. Ka kwantar da hankalinka.

Ga hoton nan kamar yadda ka yi umarni, ranka ya daɗe. Mai hoto ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce tunda yake bai taɓa ɗaukar ido shi kaɗai ba, sai dai a biya shi rabin kuɗin fuska. Baba kuwa ya riƙe tef ya daskare kamar mai auna wuyan babban mutum.

Ka riƙa cin abinci, ka rame da ka zo. Kuma don Allah ka rage karatun takardun nan, za su sa maka ciwon da ba ka da shi.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya, ina tabbatar miki cewa hotunan suna isowa a kan kari, wata bayan wata, kuma ina godiya ƙwarai.

Ga yadda nake yi da su. Ina shimfiɗa kowanne a kan teburin sito da rana tsaka, lokacin da haske ya fi kyau, in ɗora gilashin ƙara girma da muke duba lambobin kaya da shi, in ƙirga ƙananan layukan tef ɗin da ƙullutun ya mamaye. A hoton farko layi uku ne. A na jiya ma layi uku ne. Bai ƙaru ba ko da kaurin zare. Ban taɓa jin daɗin yin kuskure kamar wannan karo ba. Na kuma ji daɗin ganin Baba cikin riguna masu kyau, kowane wata da irin tasa. Da alama kina kula da shi fiye da yadda zan iya.

Saboda haka ina ba ki haƙuri, Yaya. Na ɗora miki wahalar layin asibiti da zirga-zirgar mai hoto a kan tsoron da ba shi da tushe. Kin yi gaskiya, takardun nan sun yi mini yawa. Na tattara su na zuba a kwali na tura ƙarƙashin gado, kuma tun daga ranar nake barci irin na mutane. Ki karanta wa Baba wannan sashe, ki ce ɗansa yana neman afuwa.

Sai dai akwai wani ɗan abu, kuma ina jin kunyar kawo shi bayan abin da na gama faɗa. A babban yatsan da Baba yake danne tef da shi akwai baƙin tabo a ƙarƙashin farce, kusa da gindinsa. Ban fito da kwalin ba, amma na tuna abin da wata ƙasida ta ce: idan jini ne ya kwanta saboda bugu, to yana tafiya gaba tare da farce har ya kai baki a yanke shi, idan kuwa ya tsaya wuri ɗaya, to abin dubawa ne. Ni a ganina bai matsa ba, amma na daina yarda da idona. Ki duba yatsan, ki gaya mini abin da kika gani. Idan ba komai ba ne, ku yi dariyarku, na yafe.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Ma'aji

*

Likita,

A tsaye nake rubuta wannan a tasha, direbanka yana ta danna mini oda, sai ka yi haƙuri da rubutun.

Yanzu kuma mun bar ido mun koma farce? Wayyo ni! Murfin keke ne ya datse masa yatsa, tun makon da ka tafi. Wannan ai tsohon labari ne. Baƙin ya daɗe da fita, ni da hannuna na yanke masa ƙarshensa, yanzu farcen fari tas kamar na jariri. Kada ka fito da kwalin nan, ka bar shi inda yake.

Maganar ban haƙuri kuma ka bar ta, ba ka yi wa kowa laifi ba.

Ga hoton wannan wata. Sai na ji daga gare ka.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, domin gaisuwa wajibi ce.

Wasiƙarki ta iso, tare da hoton da kika kira na wannan wata. Kin ce baƙin tabon ya daɗe da fita, kin ce ke da hannunki kika yanke shi. A cikin ambulan ɗin da kika rubuta haka, ga Baba yana danne da tef, ga tabon nan a gindin farce, baƙi ƙirin, inda yake tun hoton farko.

Na yi ƙoƙarin samo miki uzuri. Na ce wataƙila kin ɗauko tsohon hoto cikin sauri. Sai na jera su duka a kan tebur, daga na farko zuwa na ƙarshe, na daina kallon idon, na kalli sauran abubuwan. Inuwar ƙarfen taga tana kwance a kan kuncin Baba a wuri ɗaya cikin kowannensu, alhali rana ba ta tsayawa wuri ɗaya daga wata zuwa wata. Akwai guntun jan zare da ya maƙale a bakin tef, yana nan a duka. A bayansa, gefen yadin da ke rataye a ƙusa bai motsa ba. Riga ce kawai take canzawa, da hula, da tsawon gemu.

Rana ɗaya aka ɗauki hotunan nan, Yaya. Zama ɗaya. Wani ya tsaya yana miƙa wa Baba riguna yana cirewa yana sakawa, wani ya jera hotunan ya ajiye, sannan duk wata aka zaro ɗaya aka aiko mini, ni kuma ina nan ina sunkuye da gilashi ina ƙirga layuka kamar wawa, ina yi wa Allah godiya.

Ba yau kuka fara yi mini dariya ba, kuma ban taɓa riƙe ku da ita ba. Wannan dabam ne. Abu ɗaya na roƙa wanda zai tsaya a madadin idona, shi kuka ɗauka kuka rufe mini ido da shi. Har na ba ki haƙuri. Har na ce ki karanta wa Baba.

Ina da tambayoyi uku, kuma ina so ki amsa su a rubuce. Shin kun je asibitin kuwa? Idan kun je, me likita ya faɗa da bakinsa? Kuma yaya idon Baba yake a yau, ranar da kike karanta wannan?

Idan ba ki amsa ba, zan ajiye makullan sito in taho, ko da hakan zai raba ni da aikin.

Ƙaninki,
Ma'aji

*

Ƙanina,

Na karanta. Na zauna a bakin gado na daɗe ban tashi ba. Ba zan yi maka wasa a wannan ba.

Mun je asibiti, wannan gaskiya ne. Likitar mace ce. Ta sa Baba ya ɗora haɓarsa a kan wata na'ura mai fitila, ta ja fatar idon da yatsa, ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Baba, wannan ba hazbiya ba ce. Ina so in ɗan ɗebi kaɗan a gwada.” Ya ce, “In an gwada aka ga mugu ne fa?” Ta ce sai a yanke shi, tun yana ƙarami. Baba ya ce to, ya gode. Ya ɗauki hularsa ya fita, ni ina binsa da gudu da jaka a hannu.

A hanya ya ce mini, “Ido ɗaya gare ni, ba zan miƙa shi ga wuƙa ba.” Ka tuna abokinsa mai gyaran agogo, wanda ya shiga aikin ido da ƙafarsa ya fito ana jansa da sanda? Shi yake gani. Na yi magiya, na yi kuka, maigidana ma ya sa baki. Ya ce in na ƙara tayar da zancen, ko na gaya maka, zai kwashe kayansa ya koma kwana a shago, kuma ba zai sake cin abincin gidana ba. Ka san shi. Ka san zai aikata.

Hotunan dabararsa ce. Ya ce, “Ƙaninki ba zai bar mu mu sha ruwa ba sai ya ga awo, to a ba shi awo.” Shi ya aika a kira mai hoto, shi ya sauko da rigunan mutane da ba a zo karɓa ba, har ya sa wanzami ya rage masa gemu a tsakiyar zaman don kada su yi kama. Ni na riƙa miƙa masa rigunan. Ni na ajiye hotunan a ƙasan akwatina. Ba zan ce ba ni ba ce.

Amma ka ji nawa. Kai kana can da gilashinka da teburinka, ni ina nan da Baba. Ni nake wanke rigar matashinsa da safe in ga ɗigon jini. Ni yake yi wa tsawa. Kuma kai ma ka sani, tun kana yaro in abu ya faru a gidan nan sai an san yadda aka gaya maka, in ba haka ba ka daina ci ka daina barci. Ko a ciwon Inna ba komai muka faɗa maka ba. Mun saba, shi ya sa abin bai dame ni ba a farko. Daga baya ya dame ni.

Ka tambayi yadda idon yake yau. Ya kai ƙwayar wake. Tsakiyarsa ta rame ta zama gyambo, yana ɓawo yana ɓarewa. Fatar ta fara janyewa ƙasa, hawaye yana zuba masa a kan ɗinki. Jiya na gan shi ya juya wa ƙofa baya yana laluben ramin allura.

Ka zo. Ka zage ni in ka iso, amma ka zo. Ni na kasa.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa, ina sanar da ke cewa na komo wurin aiki. Shugabana ya karɓi uzurina, bai kuma cire ni ba.

Na yi makonni a gidanki ban yi miki magana ba sai abin da ya zama dole. Na san kin lura. Kin tambaye ni sau da yawa me na ce wa Baba har ya yarda, da kuma abin da likita ta faɗa mini lokacin da kika fita sayen magani. Ban amsa ba, domin ban amince da muryata ba. Ga amsar a rubuce.

Ban ce masa komai ba. Na shiga shago na gaishe shi, na jera hotunan a kan teburin yanka, na ciro madubin da masu gwada riga suke dubawa na riƙe masa a gaban fuska, na miƙa masa tef ɗinsa. Na ce, “Baba, auna.” Ya ce, “Kai, Ma'aji, ni za ka koya wa awo?” Na ce, “A'a. Kai ka koya mini cewa tela yana iya yin ƙarya a kan ranar karɓar kaya, amma ba ya ƙarya a kan awo.” Ya dube ni, ya ɗora tef a ƙarƙashin idon, ya matso da fuskarsa ga madubi. Na ga leɓensa yana ƙirgawa. Da ya gama sai ya naɗe tef ɗin a hankali ya sa a aljihu, ya ce in miƙo masa hularsa.

Likitar ta gane shi. Ba ta yi masa faɗa ba. Bayan sakamakon gwaji ya fito ta ce mini ciwon daji ne na fata, irin mai tafiya a hankali, wanda ba kasafai yake yaɗuwa cikin jiki ba, amma yana cin inda ya zauna. Na tambaye ta, da ya tsaya a wancan zuwan fa? Ta ce da ɗan yanki kaɗan za ta cire, ta haɗa bakin ta ɗinke, ya koma gida a ranar yana gani. Yanzu kuwa sai da ta cire mafi yawan fatar ƙasa, ta aro daga cikin ta sama ta yi masa sabuwa. Shi ya sa aka ɗinke idon a rufe, kuma haka zai zauna har sai naman ya kama. Ta ce gefen abin da aka cire ya fito da tsabta, ƙwayar idon ma ba ta taɓu ba. Na gode wa Allah a kan wannan.

Amma ki duba, Yaya. Mutumin da ya gudu don kada a taɓa masa ido ɗaya, yau yana zaune a ɗakinki cikin duhu, ana kai masa cokali baki. Watannin da suka jawo haka, ni na ƙirga su da hannuna, ina murna.

Na ji uzurinki, kuma ban ce ƙarya ba ne. Na san halin Baba. Da kin rubuto mini layi ɗaya, ko ki bar ambulan ɗin babu hoto, da na gane. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasiƙar ban haƙurin nan. Ina ta tunanin inda kuka zauna kuka karanta ta, da abin da fuskokinku suka yi.

Akwai kuma maganar da kika jefa a tsakiyar wasiƙarki, cewa ko a ciwon Inna ba komai kuka faɗa mini ba. Na yi shekaru ina ganin na san yadda mahaifiyata ta rasu. Yanzu ban san me na sani ba.

Maganin shafawa safe da yamma ne, da hannu wankakke. Kada a bar shi ya sosa. Idan wurin ya kumbura ko ya yi ruwa, a koma asibiti a ranar, ba washegari ba.

Ƙaninki,
Ma'aji

*

Ma'aji,

Ni ne ubanka. Yayarka ce take rubutawa, na ce mata kada ta gyara mini magana, yadda na faɗa haka za ta sa.

Ina gaishe ka. An ce ka isa lafiya. An ce kuma ta rubuta maka har sau biyu ba ka amsa ba. To ni ka amsa mini.

Ka bar yarinyar nan ta huta. Ni na tsara abin nan daga farko har ƙarshe, ita riga kawai ta miƙa. In fushi za ka yi, ga ni nan a zaune, ba inda zan je, ko ƙofa ba na gani.

Kada ka jira in ce na yi nadama, don ban san ko na yi ba. Na sami watanni ina ganin ramin allura, na gama kayan mutane, ban bar wa kowa yadi a yanke ba. Kai ba ka san mene ne mutum ya rage da taga ɗaya a gidansa ba, a ce masa kawo a gyara. Yanzu da nake zaune a duhun nan, wani lokaci in ce na yi wauta, wani lokaci in ce ko yanzu aka mayar da ni haka zan yi. Ka ɗauki wanda ka ga dama.

Amma farcen nan ya ba ni haushi. Na tuna da riga, na tuna da hula, na tuna da gemu, sai ɗan yatsa ya tona ni. Tun kafin a haife ka nake ɗinki ban taɓa barin zare a waje ba. Mai hoto ya zo gaishe ni, na ce masa duk garin nan mutum ɗaya ne zai kalli hoton ido ya gano farce, kuma ni na haife shi.

Na shafa ɗinkin likitar nan da yatsa, ko da yake an hana ni. Hannunta yana da kyau, ba ta tattare ba. Da za ta zo shago da na ba ta wuyan riga.

Wasiƙarka ta ban haƙuri, ba wanda ya yi dariya. Yayarka ta kai rabi ta kasa, ta fita tsakar gida. Ni na ce a ajiye, ban nemi a ƙarasa mini ba. Ka ji yadda fuskokinmu suka yi.

Zancen Innarka ba na takarda ba ne. Ka zo ka zauna a gabana ka tambaye ni, zan gaya maka duka.

An ce farkon wata mai kamawa za a buɗe idon. In an buɗe zan sa mai hoto ya ɗauka a aiko maka, na gaske, da tef, da yatsan, da komai. Allah ya yi maka albarka.

Ubanka

(Ni ma ina gaishe ka. Yana ƙin cin abinci in ba an ce masa kai ka yi umarni ba. Yayarka.)

*

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da neman albarka, wasiƙarka ta iso, na kuma karanta ta.

Kada a kira mai hoto. Kada a sake aiko mini da hoto daga gidan nan.

Na nemi izini an ba ni. Zan iso kafin ranar buɗewa, ni zan riƙe hannunka zuwa asibiti, in tsaya a ɗakin har a gama. Bayan haka zan zauna a gabanka in yi tambayar da ka ce. Ban ce na huce ba, Baba, ba kuma zan faɗi abin da ba haka yake ba.

A gaya wa Yaya na ga gaisuwarta. Ka ci abinci, umarni ne.

Tef ɗinka ya zauna a shago. Zan taho da nawa.

Ɗanka,
Ma'aji